Ranar da Na Ƙi Kwance wa Wannes Hula

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwana biyu. Na ga saƙonninku, har da na wata baiwar Allah da ta ce in daina ja wa mutum rai, maza irin Wannes ba a tsintar su a hanya. Na ji, 'yar'uwa. Moeke ma, mahaifiyata, abin da take karanta mini ke nan safe da yamma. Amma bari in ba ku labarin ranar Lahadi, sai ku yanke mini hukuncin da kuka ga dama. Ni dai na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni: sunana Nele, 'yata ɗaya, Fien, shekararta biyar, haƙorinta na gaba yana girgiɗi. Vake, wato mahaifina Rik, ya yi tseren babur a yashi har gwiwoyinsa suka ƙi, yanzu shi ke riƙe tuta a filin kulob ɗinmu da ke bayan garin Lommel. Moeke ke soya dankali a kantin filin. Ni kuma da rana ina aiki wurin masu gashin ƙashi, Talata da Alhamis da yamma in tara mahayan kulob a tsohon ɗakin shanun Vake in motsa musu jini. Ba ƙwararru ba ne. Mai gyaran famfo, direba, malamin makaranta, mai rufin gidaje. Mutanen da ke wahala duk mako don su samu su jefa kansu cikin yashi ranar Lahadi.

Mai rufin gidajen shi ne Wannes.

Alhamis ɗin da ta wuce ita ce ta ƙarshe kafin a buɗe fili. Tun Nuwamba ruwa da sanyi suka rufe shi, muka dawo ɗakin shanu, inda har yau in aka kunna hita warin tsofaffin mazaunansa ke tasowa daga siminti. Na shimfiɗa tabarmin roba, na jera igiyoyin tsalle, na jawo injin tuƙin nan da suke kira kwale-kwale zuwa tsakiyar ɗaki.

"Kowa ya nemi bango," na ce. "A jingina, a sauka kamar za a zauna kan kujera."

"Ina kujerar, Saja?" in ji Jef, direban babbar mota, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki.

"Tana gidanku. Sauka."

Suka sauka suna nishi. Ba a jima ba cinyoyi suka fara rawa. Wannes ne ya fara miƙewa, kamar kullum. Yana sanye da wata tsohuwar jar riga da ya yanke wa hannuwa da almakashi, don kada wani ya kwana bai san yana da damtse ba.

"Nele, don Allah dubi nan." Ya lanƙwasa hannu. "Hannun da ke hawa bene da tayil ɗin rufi kullum, shi babur zai gagara?"

"Koma bango."

"Ni fa ba da cinya nake murɗa totur ba."

"Shi ya sa kake narkewa tun kafin rabin tsere," in ji Jef da ƙyar. Aka fashe da dariya, rabinsu suka zube ƙasa.

Na faɗa musu har bakina ya gaji: da gwiwa ake maƙale babur, da cinya da ƙugu ake tuƙa shi, hannu ɗorawa kawai ake yi. Wanda ƙafarsa ba ƙarfi da hannu yake ramawa, ya damƙe ƙarfe kamar za a ƙwace masa. Daga nan jini ya taru a damtse ya ƙi komawa, naman ya yi tauri kamar icce, yatsu su daina jin magana. Mu a nan cewa muke hannu ya mutu. Kana ganin kwana a gabanka, kai yana cewa saki totur, ja birki, hannu ya ce bai san zancen ba.

Haka ta faru da Stijn, mahaifin Fien, lokacin tana rarrafe. Hannunsa ya mutu, bai fito daga fili ba, don saura kaɗan a gama tsere kuma yana na uku. Babur ya kayar da shi. Yau yana garin Hasselt a keken guragu, a wani gida marar bene mai faffaɗan ƙofofi. Aurenmu bai daɗe ba bayan haka. Ya kori kowa daga jikinsa, ni ce ta ƙarshe da ya kora. Ba ma faɗa. Duk sati biyu ina kai masa Fien, mu gaisa a bakin ƙofa kamar maƙwabta.

Shi ya sa da Wannes ya zo mini da maganar aure wajen Kirsimeti, ban ce ya bar babur ba. Duk wanda ya tashi a nan ya san wannan ɓata yawu ne. Abu biyu na nema: ya yi aikin ɗakin shanu da gaske, sannan duk ranar da hannunsa ya mutu a fili ya fito, ko wa ke kallo. "Ba zan sake ɗaukar yarinyar nan in kai ta gaida wani a gadon asibiti ba," na ce masa. Ya dafa ƙirji ya ce ya ji.

Ranar Asabar ina kicin ɗin Moeke muna fere dankalin kanti. Buhu a tsakaninmu, rediyo ƙasa-ƙasa, Fien a ƙarƙashin tebur tana sa wa kare safa. Moeke ta ɗaura ƙyallen girkinta mai shuɗin furanni, wanda ina jin ya girme ni.

"Wannes ya gama fentin ɗakin saman gidansa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ruwan ɗorawa. Wai Fien ce ta zaɓa."

"Na sani, Moeke."

"Mutum da gidansa, da sana'arsa, ba ya kwana a mashaya, duk abin da aka zuba masa ya cinye ya gode. Me kike jira, Neleke? Ɗan sarki?"

Na ci gaba da fera.

"Gobe zai tsaya a gabanki. Ya gaya wa mahaifinki."

Wuƙar ta tsaya a hannuna.

A kulob ɗinmu, in mahayi ya fito daga fili, ya wuce motarsa, ya wuce abokansa, ya zo ya tsaya a gaban mace ya ɗaga mata haɓa, ita kuma ta sa hannu ta kwance masa igiyar hular kwano, magana ta ƙare. Ba zobe, ba durƙuso. Haka Vake ya yi wa Moeke, hoton na nan a jikin firij, ita da gashi har kafaɗa. Daga ranar kuma aikinta ke nan duk Lahadi har ya daina hawa. Haka Stijn ya yi mini ina da sha tara, aka yi ta busa hon.

Sai da na fara aiki ina taɓa damatsan mutane na gane daga inda al'adar ta fito. Igiyar hular ta cikin ƙananan zobba biyu take bi, sai yatsu masu rai ke iya zare ta. Tsofaffin da suka ƙirƙiro wannan soyayya hannuwansu ne suka mutu, kunya ta hana su faɗa.

"Moeke, Vake ya taɓa iya kwance ta da kansa bayan tsere?"

"Wa ya tsaya dubawa? Ni dai na kwance, ga shi nan da ransa yana cika mini gida da hayaniya."

"Stijn fa?"

Ta ajiye wuƙa. "Ba kowa ne Stijn ba. Kada ki kunyata yaron nan a gaban mutane, Nele. Kuma ki sa kayan kirki, ba wannan buhun da kike yawo a ciki ba."

Kafin in bar gidan saƙon Wannes ya shigo: "Saja, gobe ki tsaya kusa da ƙofar fita. Ina da magana."

Na rubuta: "Ka ci abinci da wuri, ka sha ruwa, ka ɗumama jiki kafin ka hau. Ka tuna alkawari."

"Tun da nake ban taɓa samun wasiƙar soyayya mai zafin wannan ba."

Na yi dariya ni kaɗai a mota. Kada wata ta ce ba na son sa. Ranar Lahadi na wanke gashi, na ɗauko koren kot ɗina na ulu da nake ajiya don biki, har da ɗan jan-baki, zuwa filin da taɓo ke kai wa idon sawu. Fien na sa mata takalman ruwa masu kan kwaɗo da hular da Moeke ta saƙa. A hanya ina ta gaya wa kaina: in ya fito da hannunsa lafiya zan kwance. In kwance in huta. Na gaji da jan kayan cefane ni kaɗai, na gaji da zama ni ce mai cewa a'a a duk ɗakin da na shiga.

Fili ya cika, warin fetur da na man suya sun cakuɗe. Na manta abin toshe kunnen Fien a gida, shi kuwa Wannes kullum yana ajiye mata ɗaya a motar aikinsa. Ina buɗe ƙofar direba wani abu ya faɗo kan takalmina. Ɗan ƙarfen nan ne mai sifirin da ake matsawa a tafin hannu don ƙarfafa damtse. Robar jikinsa ta suɗe har ƙarfe ya bayyana.

Jef na gefe yana cusa tumbi cikin sulken roba. "Kin kama shi ke nan," ya ce yana dariya. "Tun Nuwamba yake matsa abin nan, a danja, a cunkoso, har yana cin burodi da ɗaya hannun. Wai zai ba ki mamaki. Ya ce tunda hannu ne matsalar, hannu zai gyara."

Na tsaya riƙe da shi. Da mugunta ya yi, da na san inda zan ajiye fushina. Amma don ni ya yi. Duk sanyin nan yana zamewa daga bango, yana ha'intar kwale-kwale, sannan ya koma mota yana ƙara nama a damtsen da dama ya cika fata, yana koya wa hannunsa damƙa, abin da nake roƙonsa ya manta. Na nufi layin tashi da sauri, amma an riga an sake su.

Farkon abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya fita cikin na gaba-gaba, yashi na tashi a bayansa. Vake daga kwanarsa yana naushin iska da tuta a naɗe. Ni kuwa ba babur nake kallo ba, gwiwoyin hannunsa nake kallo. Da farko a sama suke, a buɗe. Can sai suka fara sauka suna manne wa haƙarƙari. Sai ya fara zama a inda ya kamata ya miƙe kan ƙafa. Da ya wuce ta gabana, na ga yatsan da ke zama kan birki ya koma cikin dunƙulen hannu.

Ƙofar fita tana dab da ni. Ya iso ta, ya juyo da kai. Na san ya gan ni, koren kot ɗin nan ko daga Holan, can tsallaken iyaka, ana hango shi. Ya wuce.

Ya sake zagayowa, ya sake wucewa.

A tudun ƙarshe, inda kowa ke sassautawa, nasa injin ƙara ihu ya yi. Na san wannan kukan. Sau ɗaya na taɓa jin sa, ranar haɗarin Stijn, har yau yana dawo mini in injin wanki ya ɗauki gudu. Babur ya dira a karkace, ƙafarsa ɗaya ta fita, ya yi tangal-tangal ya gogi shinge, sai yashi mai zurfi ya riƙe tayar ya karya masa gudu. Ban san lokacin da na danna fuskar Fien cikin kot ɗina ba.

"Mama, ba na gani!"

Abin da nake so ke nan.

Ya gama na huɗu. Ya fito, ya wuce motarsa, ya wuce abokansa, ya zo gabana. Ko maɓallin kashe inji bai iya dannawa ba, sai da ya bar shi ya shaƙe da kansa. Mutane suka taso, aka fara busa hon. Moeke ta fito daga kanti da ƙyallen girkinta, waya a sama tana ɗauka. Ya ɗaga haɓa. Ta tagar hular ina ganin idanunsa suna dariya, yashi a girarsa.

"Kwance da kanka," na ce a hankali.

"Nele..."

"In ka kwance da kanka, ka mayar, ni kuma in kwance maka a gaban kowa. Yanzun nan."

Hon suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗago hannu. Yatsun a ƙanƙame suke kamar ƙafar kaza. Ya kai su ga igiyar, suka zame. Ya gwada da ɗayan. Ya so ya cire safar hannu da haƙori, hular ta tare bakin. Wani ya yi tari. Wuyansa ya yi jawur har cikin riga.

"Haba Saja, tausaya masa mana," in ji wani daga baya.

"Nele!" Muryar Vake ce. "Me kike yi haka? A filina?"

Na ciro ƙarfen daga aljihu na ɗora masa a kan tanki. "Sau biyu ka wuce ƙofar nan kana kallona."

"Ina na huɗu, Nele. Rik na kallo, kowa na kallo. Na so in zo gabanki ba a kunyace ba."

"Ni da ƙafafunka na ce ka zo mini."

Jef ne ya matso ya kwance masa, yana cewa, "Zo nan amarya, ni zan rufa maka asiri," don a samu a yi dariya. Ba wanda ya yi. Na ja hannun Fien muka tafi.

A mota ta daɗe tana wasa da haƙorinta kafin ta yi magana.

"Mama, ke kika ce in mutum ya kasa ɗaure takalmi a taimaka masa."

"Na ce."

"To?"

"Wani taimakon, in kika yi wa mutum, gobe ma a haka zai dawo miki."

"Ɗakina mai ruwan ɗorawa fa?"

Na ƙara muryar rediyo.

Litinin Vake ya ɗauko Fien daga makaranta, ya ajiye ta a ƙofa, ya juya ko gaisuwa babu. Moeke ta turo: "Na bar miki miya a firij. Kin karya wa yaron nan zuciya, kuma kin ɓata kot ɗinki." Bidiyon da ta ɗauka don murna ya gama zagaye guruf ɗin kulob, wasu na cewa na kyauta, da yawa na cewa wulaƙanci ne. Shi Wannes shiru. Ina ganin ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa, ya goge.

Talata na je ɗakin shanu, don aiki aiki ne ko ba wanda zai zo. Suka zo, amma ba surutu, ba Saja. Jef ya nemi bango tun ban ce ba. Ina warware igiyoyi na ji an turo ƙofa. Wannes ne, da gajeren wando, da riga mai dogon hannu, da hular kwano a kansa, igiyar a ɗaure tam.

Jef ya yi wata dariya ta hanci ya haɗiye ta.

Wannes ya wuce kai tsaye ya zauna kan kwale-kwale, ya ɗaure ƙafafunsa. "Na jefa ƙarfen a shara," ya ce, murya a toshe. "Ba zan yi miki alkawari ba, na yi ɗaya ban cika ba. Da ita zan riƙa zuwa nan. Ranar da na fito daga fili na kwance ta da kaina, zan duba ko kina wurin."

"In ba na wurin fa?"

"To, na dai samu cinyoyi."

"Da ƙafa ake turawa, ba da hannu ake ja ba. Miƙe bayanka."

Ya fara. Ban ce na yafe ba, ku ma kada ku faɗa a madadina. Zama kan inji a ɗaki mai ɗumi daban, juya babur zuwa ƙofar fita kana na huɗu daban. Na ga maza masu tuba ranar Talata da yawa.

Sai waya ta motsa a aljihuna. Na ɗauka Moeke ce. Stijn ne. Mutumin da tun rabuwarmu saƙonsa bai taɓa wuce "yaushe za ku iso" ba.

"Na ga bidiyon."

Na tsaya ina kallon ɗigon da ke nuna yana rubutu.

"Kada ki kwance masa, ko da Rik zai shekara bai gaishe ki ba."

Ɗigon ya ɓace, ya dawo.

"Ke daga bakin shinge kika san abin. Ni daga cikin hular na san shi. In zai zauna gida ɗaya da 'yata, sai ya ji daga bakina. Ki zo da shi."

Na taka har gaban injin, na riƙe wayar daidai tagar hular. Ya karanta. Ya sake karantawa. Sandar injin ta yi laƙwas a hannunsa, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsa a cikin kwano.

"Yaushe?" ya ce.

"Asabar nake kai Fien. Akwai wuri a mota." Na mayar da wayar aljihu. "Kuma ban ce ka tsaya ba."